MABUƊIN INJI: A KARƁE SHI TUN JIRGI BAI ISO JIBIYA BA

Duk wanda ya zauna Jibiya cikin 'yan shekarun nan, ba sai an yi masa dogon bayani a kan kulle da mabuɗi ba. Cikin watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ƙofar Magama ta zauna a garƙame har watan Afrilu na 2022. Ba a jima da buɗe ta ba sai sojoji suka hamɓare gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai ran 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai cikin watan Maris na 2024. A tsawon wannan lokaci direbobi da 'yan dako da 'yan kamasho da masu sayar da abinci a bakin hanyar Ɗan Isa da Maraɗi sun ɗanɗana kuɗarsu. Amma ko a tsakiyar wahalar akwai abu guda da ya rage musu na sa rai, watau kowa ya san inda mabuɗi yake. Ran da hukumomi suka ga dama, takarda ɗaya daga Abuja da wata daga Yamai sun isa a ɗaga sandar ƙofa.

To, akwai wani irin kulle da ya fi wannan wuyar sha'ani, ga shi kuwa yana ta yaɗuwa cikin ma'aikatu da makarantu da masana'antun ƙasar nan ba tare da an mai da hankali a kansa ba. Shi wannan kulle ba shi da kwaɗo, ba shi da sarƙa, ba shi da mai gadi. 'Yan haruffa ne da lambobi waɗanda ake kira kalmar sirri. Inji yana nan lafiya lau, ga wuta, ga mai, ga ma'aikaci a tsaye, amma ya ƙi yarda a taɓa cikinsa, domin mutum ɗaya da ya san kalmar ya manta, ko an canza masa wurin aiki, ko ya kwanta dama. A irin wannan hali babu takardar Abuja da za ta buɗe shi. Saboda haka ya kamata kowane ma'aikacin gwamnati ya riƙe cewa maganin mantuwar kalmar sirri tun ranar sayen inji ake haɗa shi, kuma kalmar nan dukiyar hukuma ce kamar mabuɗin sito, wajibi ne a rubuta ta, a adana ta, a miƙa ta hannu da hannu.

INJI MAI ƘWAƘWALWA

Inda matsalar ta fi fitowa fili shi ne a injunan sassaƙa ƙarfe da katako waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, watau waɗanda masu sana'ar ke kira CNC. A tsohon injin feƙe ƙarfe, irin wanda ake gani a garejojin Katsina da Kano da Maraɗi, gwani ne ke juya hannu, yana duba aikinsa da ido da ma'auni. A sabon kuwa, ana rubuta awon abin da ake so cikin lambobi, a zuba a akwatin sarrafawa, inji ya riƙa tafiyar da wuƙarsa da kansa, ya fitar da ƙarfe dubu iri ɗaya, bambancin da ke tsakaninsu bai kai kaurin gashin kai ba. An fara nuna irin wannan inji a jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka cikin 1952, lokacin da takarda mai huji-huji ake ba shi umurni. Yau akwatunan sarrafawa na kamfanoni irin su Fanuc da Mitsubishi na Japan, da Siemens na Jamus, da Haas na Amurka, suna cikin waɗanda ke juya masana'antun duniya. Irin waɗannan injuna sun shigo jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da wuraren aikin 'yan kasuwa na ƙasar nan, wasu sababbi fil, wasu na hannu.

Abubuwa uku ne ke zaune cikin ƙwaƙwalwar akwatin nan. Na farko umurnin aikin yau da kullum, wanda ma'aikaci ke rubutawa da kansa, in ya ɓace ana iya sake rubuta shi. Na biyu saitin inji, watau ɗaruruwan lambobi da ke gaya wa akwati tsawon da kowane sashe zai iya tafiya, da iyakar gudunsa, da inda tilas ya tsaya, da ɗan gyaran da aka yi wa awonsa ran da aka harhaɗa shi. Wannan gyara yakan bambanta ko tsakanin injuna biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya. Na uku shi ne tsarin da wanda ya ƙera injin ya rubuta, mai kula da canjin wuƙa da zubar mai da rufe ƙofa. Na biyu da na uku su ne ran inji. In suka salwanta, abin da ya rage tulin ƙarfe ne mai tsada.

Don kare waɗannan ne aka sa kulle hawa-hawa. A akwatunan Sinumerik na kamfanin Siemens matakan izini takwas ne. Huɗu na sama da kalmar sirri ake shigarsu: na kamfanin kansa, da na wanda ya ƙera inji, da na mai gyara, da na mai inji. Huɗu na ƙasa kuwa da mabuɗin ƙarfe ake zaɓensu, mabuɗai uku masu launi dabam-dabam, kowanne da iyakar abin da yake buɗewa. A na Fanuc, umurnin da lambarsu ta kama daga 9000 zuwa 9999, inda aka saba ajiye tsarin canjin wuƙa, ana iya kulle su da lambar sirri. Ya kamata mai karatu ya lura da wani abu a nan: sau da yawa kamfanin da ya yi akwati dabam, wanda ya ƙera gangar jikin inji dabam, dillalin da ya kawo shi dabam. Kowannensu yana iya sa nasa kulle, kuma kowanne yana iya cewa a tambayi ɗan'uwansa.

YADDA MABUƊI KE SALWANTA

Hanyoyin salwantar mabuɗi sanannu ne ga duk wanda ya yi aikin ofis. Ran da aka kawo inji, injiniyan ɗan kwangila yakan kafa shi, ya koya wa mutum ɗaya ko biyu cikin gaggawa, a yi biki, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Bayan shekara biyu a yi wa wanda aka koya wa canjin wurin aiki, ko ya sami aiki mai gwaɓi ya tafi, ko ya yi ritaya. Takardar miƙa aiki da zai bari za ta lissafa kujeru da tebura da fankoki, ba za ta ambaci kalmar sirri ba, domin babu gurbinta a cikin fom. Wani ma da gangan yakan riƙe ta, don ya zama ba a iya yin kome sai da shi. Wani ɗan kwangilar kuma, in kuɗinsa suka maƙale, yakan bar kulle a matsayin jingina. Mai sayen inji na hannu daga masana'antar da ta rufe a Turai ya fi kowa shiga uku, domin sau da yawa yakan karɓi ƙarfe babu littafi, babu mabuɗi, babu wanda zai tambaya.

Akwai kuma ɓarawo na ɓoye, watau ɗan ƙaramin batir. A yawancin tsofaffin akwatuna, saitin inji yana zaune ne a ƙwaƙwalwar da ke bukatar wuta dare da rana, kuma wannan batir ne ke riƙe da ita in an kashe inji. Masu ƙera akwatin kan ba da shawara a canza shi a kai a kai, kuma a canza shi yayin da inji ke kunne, ko cikin 'yan mintuna bayan an kashe. In ƙarfinsa ya fara raguwa, gargaɗi yakan fito a allo. Amma inji da aka rufe wata shida ana jiran kasafin kuɗi, ko ana jiran a gyara taransifoma, ko ana jiran a janye yajin aiki, babu mai ganin gargaɗinsa. Ran da aka kunna shi sai a tarar ya manta kome da kome, har da kansa.

IN AN RIGA AN MANTA

In har an riga an shiga wannan hali, abu na farko shi ne a tsaya, kada a yi garaje. A kowane akwati akwai hanyar share ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, kuma sharewar takan tafi da kalmar sirri. Amma takan tafi har da saiti da tsarin canjin wuƙa. Wanda ya share ba shi da kwafi a ajiye, garin gyaran gira ya rasa ido ke nan: jiya inji yana aiki ko da yake ba a iya canza saitinsa, yau ko motsi ba ya yi. Don haka kafin a taɓa kome sai a kwafe duk abin da akwati ya yarda a kwafa zuwa katin ajiya, a ɗauki hoton kowane shafi na allo, a rubuta lambar shaidar inji da ta akwati da ke jikin ƙaramin farantin ƙarfe.

Sa'an nan a bi matakai daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A duba ko mabuɗin ƙarfe ne kawai ake bukata, ko wani ɗan saiti na ba da izinin rubutu da aka kashe, domin sau da yawa abin da ake zato kalmar sirri ce bai wuce wannan ba. A kashe wuta, a buɗe kabad ɗin lantarki na bayan inji, inda masu ƙira suka saba ajiye takardun saiti ko faifai ko kati. A karanta littafi, domin wasu injunan har yanzu suna kan kalmar da suka zo da ita daga masana'anta. A nemi wanda ya riƙe injin a da, cikin lalama, da takardar ofis in ta kama. In duk wannan bai yi ba, sai a rubuta wa wanda ya ƙera injin ko wakilinsa, a haɗa da lambar shaida da takardar da ke tabbatar da mallaka. Kamfani mai rai yakan adana saitin kowane inji da ya sayar. Sharewa ita ce matakin ƙarshe, kuma ba a yin ta sai kwafi yana hannu.

Akwai wata gajerar hanya da ya kamata a guje mata. A intanet akwai masu tallar manhajar fasa kalmar sirri ta injunan masana'antu. Cikin watan Yuli na 2022 kamfanin Dragos na Amurka, mai binciken tsaron masana'antu, ya bayyana cewa ya gwada irin wannan manhaja, ya tarar tana fito da kalmar kamar yadda aka yi alkawari, amma a lokaci guda tana dasa wata muguwar manhaja mai suna Sality a cikin kwamfutar wanda ya yi amfani da ita, ta mai da ita baiwar ɓarayi. Ma'aikacin da ya bi wannan hanya don ya rufe asirin sakacinsa, ya buɗe wa ɓarawo ƙofar ma'aikata baki ɗaya.

Duk waɗannan matakai kuwa, ban da na farko-farko, sun dogara ga waya da intanet da kuɗin ƙasashen waje da haƙurin wani mutum a Turai ko Japan. A gari irin Jibiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Cikin watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Jibiya na cikinsu, aka yi watanni a haka. Inji da ya kulle kansa a wannan lokaci, wa zai buga wa waya? Injiniyan waje kuma ba lalle ne kamfaninsa ya yarda ya turo shi bakin iyaka ba. Gwargwadon nisan wuri daga Legas, gwargwadon bukatarsa ta riƙe mabuɗinsa a hannu.

JIBIYA TA GA MAKAMANCINSA

Batun karɓar na'ura daga hannun ɗan kwangila ba baƙo ba ne a wannan iyaka. Cikin watan Janairu na 2006 Nijeriya ta koma ga tsarin binciken kaya bayan sun iso ƙasa, ta ba kamfanoni uku, Cotecna da SGS da Global Scan, kwangilar shekara bakwai su kawo na'urorin haska kaya, su gudanar da su, su koya wa jami'an kwastan, daga ƙarshe su miƙa wa gwamnati. Rabon Cotecna na ƙasar Suwizalan ya haɗa da tashoshin ruwa na Apapa da Tin Can, da filin jirgin sama na Kano, da iyakokin Jibiya da Banki. Cikin watan Disamba na 2013, zamanin shugabancin marigayi Abdullahi Dikko Inde, Hukumar Kwastan ta karɓi aikin. Ba a yi wasu shekaru masu yawa ba akasarin na'urorin ƙasar suka tsaya, aka koma ga buɗe kwantena ana bincike da hannu, har sai da gwamnati ta sayo sababbi uku cikin 2021 domin Apapa da Tin Can da Onne.

An daɗe ana musu a kan wanda ke da laifi. Wasu sun ce an miƙa na'urorin sun riga sun tsufa, wasu sun ce lafiya lau aka miƙa su, kulawa ce ta gaza. Ko wane ne ke da gaskiya, darasin ɗaya ne. Karɓar na'urar zamani ta wuce sa hannu a takarda da ƙidayar ƙarfe. Ta haɗa da littattafai, da kwafin manhaja, da izinin shiga matakin gyara, da yarjejeniyar kayan gyara, da mutanen da za su zauna da ita shekara da shekaru ba a ɗauke su ba. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace a hanya, gwamnati ta mallaki gangar jiki, ikon yana hannun wani. Mai shan wahala kuwa shi ne direban da motarsa za ta kwana a layi, da ɗan kasuwar da kayansa za su lalace, da talakan da za a ƙara wa farashi.

Yanzu ga wani babban baƙo yana tafe. Ran 9 ga Fabrairu 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kuɗi kusan dala miliyan dubu biyu. Hanyar ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina, kuma Jibiya ce tasharta ta bakin iyaka. Jirgin ƙasa na zamani kwamfuta ce mai tafiya a kan dogo. Kan jirgi yana da akwatin sarrafawa, sigina tana da nata, haka ma injin da ke feƙe ƙafafun jirgi in sun ci, wanda a manyan wuraren gyara na yau shi ma CNC ne. Kowane ɗaya daga cikinsu zai zo da kalmar sirrinsa.

Abin da ya faru a ƙasar Poland ya isa ishara. Cikin 2022 wani kamfanin jirgin ƙasa na lardi ya kai jiragensa samfurin Impuls, ƙirar kamfanin Newag, wurin wani mai gyara mai zaman kansa wanda ya ci kwangilar duba su. Aka gama gyara, jirage suka ƙi tashi, alhali babu wani ƙarfe da ya lalace. Da abin ya gagara, mai gyaran ya ɗauko wasu masana kwamfuta na ƙungiyar Dragon Sector. Cikin watan Disamba na 2023 suka bayyana wa duniya cewa sun tarar da umurni a ɓoye cikin manhajar jiragen, mai sa jirgi ya kulle kansa in ya yi kwanaki a tsaye, ko in ya shiga harabar wasu masu gyara da ba na kamfanin ba. Newag ya musanta cewa shi ya dasa umurnin, ya kuma kai ƙara kotu. In haka za ta faru a cikin Tarayyar Turai, inda mai jirgi da maƙerinsa ke ƙasa ɗaya, suna magana da harshe ɗaya, to wanda jirginsa zai tsaya a Jibiya, maƙerinsa na bayan teku, ya kamata ya shafa wa gemunsa ruwa.

HUJJAR MASU KULLE

Adalci ne a saurari masu ƙera injuna, domin suna da hujja. Wuƙar da ke juyi sau dubbai a minti ɗaya ba abin wasa ba ce. Lamba ɗaya da aka canza bisa kuskure tana iya sa inji ya daki kansa, ko ya yi aiki ƙofa a buɗe ya tsinke hannun ɗalibi. A bakin iyaka kuma, na'urar da kowa ke iya shiga ya goge hoton kaya ta zama abokiyar 'yan fasa-ƙwauri. Har wa yau akwai batun tsaron ƙasashe. Cikin 1987 aka gano cewa kamfanin Toshiba Machine na Japan da Kongsberg na Norway sun sayar wa Tarayyar Sobiyet injunan sassaƙa masu kwamfuta, waɗanda Amurka ta ce an yi amfani da su wajen ƙera farfelar jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa marasa ƙara. Saboda dokokin hana yaɗuwar irin wannan fasaha, wasu kamfanoni yanzu sukan sa wa manyan injunansu na'urar da ke kulle su da zarar an gusar da su daga inda aka kafa, sai kamfani ya ba da lambar buɗewa.

Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a cire kulle. Tambayar ita ce, a hannun wa mabuɗi zai zauna? Sito ma ana kulle shi, amma ba a taɓa jin an bar mabuɗinsa wurin kafintan da ya yi ƙofa ba. Matakin da ya shafi asirin ƙirar kamfani yana iya zama wurin kamfani. Amma matakin mai inji da na mai gyara, da cikakken kwafin saiti, haƙƙin wanda ya biya kuɗi ne. Ko a Amurka manoma sun yi shekaru suna wannan fafutuka da kamfanin tarakta na John Deere, har cikin watan Janairu na 2023 kamfanin ya sa hannu a wata yarjejeniya da babbar ƙungiyar manoman ƙasar kan ba su damar samun littattafai da kayan binciken gyara. In manomin Amurka bai ji kunyar neman mabuɗin taraktarsa ba, babu dalilin da zai sa Babban Sakatare ya ji nauyin neman na injin da aka saya da kuɗin jama'a.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko yana kan teburin masu ba da kwangila. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta kafa hukumar BPP, kuma tun 1979 ƙasar nan take da ofishin da yanzu ake kira NOTAP, mai rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha. Ya kamata waɗannan hukumomi, da takwarorinsu na jihohi, su sa sharaɗi a kowace kwangilar inji mai kwamfuta cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an miƙa kalmomin sirri na mai inji da na mai gyara a rubuce, da mabuɗan ƙarfe, da kwafi biyu na saiti, da takardar rantsuwa cewa babu wani kulle na ɓoye ko na wa'adi. Kuma a gwada a gaban kwamitin karɓa: ma'aikacin gida ya shiga da kalmar da hannunsa, ya kwafe saiti, ya mayar, inji ya tashi. Tun ran gini ran zane. Bayan an biya kuɗi, roƙo ne ya rage.

Na biyu yana cikin ofis. A buɗe wa kowane inji fayil, a rubuta kalmar sirrinsa a takarda, a sa cikin ambulan, jami'ai biyu su sa hannu a bakinsa, a ajiye a akwatin ƙarfe na ma'aji, wani kwafin a hedikwata. Duk lokacin da aka canza kalma a sabunta ambulan. A ƙara gurbin kalmar sirri a takardar miƙa aiki, kada a sallami jami'i sai magajinsa ya gwada ta ya ga ta buɗe. Masu binciken kuɗi su riƙa tambayar ambulan kamar yadda suke tambayar rasit. Wanda ke ganin wannan ya yi tsanani, ya tuna da birnin San Francisco na Amurka, inda cikin 2008 wani injiniyan hukumar birni mai suna Terry Childs, wanda shi kaɗai ke riƙe da kalmomin sirrin babbar hanyar sadarwar hukumar, ya ƙi ba shugabanninsa. Sai da magajin gari Gavin Newsom ya je wurinsa da kansa a gidan kaso kafin ya bayar. An hukunta shi cikin 2010, amma laifin farko na hukumar ne da ta bar mabuɗin gari a aljihun mutum ɗaya.

Na uku aiki ne na kalanda. A sa rana guda a shekara ta canjin batir da sabunta kwafi, a rubuta a jikin inji da sunan wanda ya yi. Inji da za a rufe na dogon lokaci, a riƙa kunna shi lokaci-lokaci ko da da janareta ne. Kuɗin batir da katin ajiya bai taka kara ya karya ba, in aka kwatanta da kuɗin jirgi da masauki da ladan injiniya guda daga waje.

Na huɗu ya shafi ɗalibai da malamansu. Jihar Katsina tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da ta tarayya a Daura, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura wadda aka kafa musamman domin horar da ma'aikatan jirgin ƙasa da sauran hanyoyin sufuri. Ya kamata hukumar NBTE da ke Kaduna da shugabannin waɗannan makarantu su tabbatar ba a yaye ɗalibin injiniya ba sai ya iya kwafe saitin inji ya mayar da shi, ya san bambancin matakan izini, ya iya rubuta wa kamfani wasiƙa da lambar shaida. A daina lulluɓe inji da tamfol ana nuna wa baƙi don tsoron kada yara su ɓata shi. In akwai kwafi a ajiye, kuskuren ɗalibi gyaran sa'a guda ne. Ɗalibin da zai fita kuma ya sani cewa ɓoye ilmi ba ya ƙara wa ma'aikaci daraja. Wanda ya bar wuri yana aiki bayan tafiyarsa shi ake tunawa da alheri.

Mutanen Jibiya sun ga yadda rufe ƙofa ke kashe kasuwa, sun kuma sa rai ƙwarai ga ranar da jirgi zai yi kuka a tasharsu. Haƙƙinsu ne a kan Ma'aikatar Sufuri da Hukumar Jiragen Ƙasa da wakilansu a majalisa su tabbatar cewa ran da za a karɓi wannan hanya, an karɓi kowace kalma da kowane kwafi da kowane littafi, an ƙidaya su kamar yadda za a ƙidaya tarago, an kuma damƙa su ga 'ya'yan ƙasa da aka horar. Lokacin neman wannan shi ne yayin da ɗan kwangila ke da sauran kuɗi a hannun gwamnati, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.